Na Fara Koyon Saƙar Ulu Da Furfura A Kaina

A hunturun 2023 'yata ta haifi bakwaini a wani asibiti a Zariya, yaro ɗan mitsitsi da bai cika kilo 2 ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa, fata na taɓa fata, a sa masa hula da safa, domin irin wannan jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, kuma ta kai zafi ke saurin zurarewa, tunda kan jariri babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa. Na zagaye kasuwar Sabon Gari tun hantsi har azahar, amma duk hular da aka miƙo mini sai in ga za ta rufe masa fuska har haɓa. Wadda ta fitar da mu kunya ita ce mahaifiyar wani maƙwabcina, dattijuwa mai shekara saba'in da ɗoriya. Ta tambayi girman kan yaron, aka kwatanta mata da lemon zaƙi, ta ɗauko tsinkayenta biyu da ragowar zaren ulu, kafin asuba hula ta samu.

Da na je yi mata godiya sai na tambaye ta ko wa ta koya wa wannan aiki a gidan. Ta yi dariya ta ce, "Malam, wa zai zauna? Ni ma a firamare aka koya mini." A duk layinmu, mai gida fiye da talatin, ita kaɗai ta iya. A nan take na ce, "To Hajiya, ki koya mini." Ta ɗauka wasa nake yi.

Ina so mai karatu ya san cewa ban taɓa riƙe ko allurar ɗinki ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, alli da jan biro kawai hannuna ya sani. Ranar farko ko ɗora zare a kan tsinke ya gagare ni. Da na samu na ɗora madauki 20, na yi layi biyar, na ƙirga sai na ga 26, ban kuma san inda shidan suka fito ba. Zaren na matse shi har tsinke ba ya shiga, kafaɗuna suka ƙage, abin da ya fito kuwa ya fi kama da tsumman goge tukunya. Hajiya ta karɓa ta duba, ta zare tsinken, ta ja bakin zaren, aikin kwana uku ya warware a gabana cikin ƙiftawar ido. Ta ce, "Sake." A ranar na tuna da yaran da na sha cewa su sake, ban taɓa tunanin yadda kalmar ke sauka a zuciyarsu ba.

Amma abin mamaki shi ne ƙanƙantar asalin ilimin. Masaƙinmu na gargajiya yana sarƙa zaren tsaye da na kwance ne, ita kuwa wannan saƙa zare ɗaya ne tal, ana zaro madauki ta cikin madauki. Salon zarowar iri biyu ne kacal, ta gaba da ta baya, kuma duk wata kwalliya da ka gani a jikin rigar sanyi daga cuɗanya waɗannan biyun ta fito. Wanda ya daure mako biyu, hannunsa zai fara ganewa tun kafin kansa ya gane.

Wahalar zare ba ta kai ta bakin mutane ba. Da na fara fitowa da aikina ƙofar gida bayan la'asar, abokan hira suka samu abin yi. Wani ya ce ritaya ta taɓa ni, wani ya ce saura in ɗaura zane. Ni dai abin da na tambaye su shi ne, a wane gari muke zaune? Ba a birnin Zazzau ne maza ke zama a zaure da allura suna yi wa babbar riga aska takwas ba? Wa ke saƙa saƙi da tsamiya in ba maza ba? Wa ke shiga karofi ya yi rini? Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, tufafin da ya ga ana fatauci da su har ƙetaren Sahara, mata ne suka kaɗa zarensu, maza suka saƙa, suka rina, suka buga. To yaushe zare ya zama abin kunya ga namiji a ƙasar Hausa?

Ita ma saƙar tsinke ba gadon mata ba ce tun fil azal. Daga cikin mafi tsufan abin da aka samu na irinta akwai safunan auduga masu zanen shuɗi da fari da aka tono a Masar, na wajen ƙarni na 11 zuwa na 13. A Turai, ƙungiyoyin masu wannan sana'a na maza ne, sai yaro ya yi shekaru a hannun ubangida kafin a yarda ya ƙware. A tsibirin Taquile na ƙasar Peru maza ne ke saƙa huluna, har UNESCO ta karrama aikin zarensu a 2005. A gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 kuwa duniya ta ga Tom Daley na Ingila, wanda ya ci zinare a wasan alkafura cikin ruwa, zaune cikin 'yan kallo yana saƙarsa hankali kwance.

Sai dai ba zan yaudari kowa ba, kamar yadda ake yi a wuraren bikin yaye masu koyon sana'a, inda ake raba takardar shaida a ce talauci ya ƙare. Saƙar hannu ba za ta yi gogayya da inji ba, kuma wannan magana an gama ta tun 1589 da William Lee ya ƙera injin saƙa safa a Ingila. Rigar sanyin babban mutum takan ci makonni a hannu, alhali ga ta gwanjo nan a bakin titi da kuɗin da bai kai na zaren ba. Ƙasar da manyan masaƙunta na Kaduna suka durƙushe, ciki har da KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ba tsinke biyu ne zai ta da ita ba. Amfanin abin yana wani wuri dabam: inji yana yi wa dubu ne, hannu kuwa yana yi wa mutum ɗaya daidai da shi, a daren da ake bukata.

Shi ya sa nake ganin laifinmu ne, mu malaman makaranta. A idonmu darasin aikin hannu ya koma "kowa ya kawo tsintsiya", daga baya ya koma "kowa ya kawo kuɗi", muna ba da maki a kan abin da yaro bai taɓa da hannunsa ba. Ni ma na karɓa, ni ma na ba da makin. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya zo da alkawarin koyar da sana'a, amma sau da yawa a allo aka koyar da ita. Tsinke biyu da ƙullin zare ɗaya ba sa bukatar lantarki ko kwangila. Ina kira ga shugabannin makarantun firamare da na Islamiyya su nemo irin su Hajiya a unguwanninsu tun suna raye, a ba su awa ɗaya a mako da ɗan abin goro, a zaunar da yara maza da mata a gabansu. Asibitocin da ke karɓar haihuwa su ma za su iya sanar da girman hular da suke bukata, a riƙa kai musu.

Jikan nawa yanzu yana gudu a tsakar gida, hular Hajiya tana cikin akwatin uwarsa. Ni kuwa na gama huluna huɗu, biyu daga ciki Hajiya ta ce ba laifi, na kai su ɗakin haihuwar da aka kwantar da shi. Dunduniyar safa ce har yau take ba ni kashi. Sau uku ina warwarewa, kuma ta ce in koma ranar Asabar da zaren.