Wa Ya Ce Alƙalami Na Maza Ne Kaɗai?

Ran wata Alhamis a kasuwar Maigatari na ji wani dattijo yana fariya, wai shi matarsa ba za ta taka ajin yaƙi da jahilci ba, gama in mace ta iya rubutu ƙarshenta sai wasiƙun banza da shirya wasan majigi. Abin da ya ƙona mini rai, shi kansa a ajin nan ya koyi karatun da yake duba rasidin shanunsa da shi.

To, Malam, bari mu ɗauki majigin da ka raina. Duk maganar da 'yan wasa ke yi a ciki, sai da wani ya zauna ya rubuta ta tukuna, aiki ne kuwa mai wuya. A Ingila an yi wata mace, Muriel Box, wadda ta soma da buga tafireta. A 1947 aka ba ta Oscar ita da mijinta, watau babbar kyautar masu majigi ta Amurka, saboda labarin da suka rubuta tare.

Za ka ce ai wannan Baturiya ce. Na ji. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu fa? Bakanuwa ce, ƙanwar marigayi Janar Murtala. Ba ta wuce shekara 13 ba aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, auren bai daɗe ba ya mutu. A ajin manya irin namu ta ƙarasa koyon karatu da rubutu. A 1987 ta fitar da Budurwar Zuciya, a 1990 Alhaki Kuykuyo Ne, labarin magidancin da ya kori uwargidansa da 'ya'yanta saboda wata mace. An mai da shi majigi a 1998, an juya shi da Turanci a Indiya a 2012. Daga baya ita da kanta ta rubuta majigin Juyin Sarauta, ta kuma shirya shi.

Ina wasiƙar banza a nan? Ni dai zatona, abin da wasunmu ke tsoro shi ne kada matan gida su iya rubuta abin da ake yi musu. Na faɗa wa dattijon haka a gaban dillalai. Sai ya ce rana ta yi, zai je ya shayar da shanu.