Masu Hawan Duwatsu Cikin Dusar Ƙanƙara

'Yan'uwa manoma, a jihar Kolorado ta Amurka akwai gandun duwatsu mai suna Rocky Mountain, wanda gwamnati ta keɓe tun 1915. Da hunturu dusar ƙanƙara takan binne hanya sarai. Duk da haka mutane sukan ɗaura wani faffaɗan takalmi mai kama da faifai, wanda ke hana ƙafa nutsewa, kamar tafin raƙumi a kan rairayi. Daga tafkin Bear sukan hau kusan kilomita 3 zuwa tafkin Emerald, su iske ruwan ya daskare.

Wani zai ce wasan ƙosassu ne. Da gaskiyarsa, gama mai yunwa ba ya zuwa kallon tafki. Amma mu ba mu raina tafiyar ba. Ƙanƙarar da suke takawa ita ce rumbun ruwan manoman da ke gindin duwatsun. Tun 1947 ake jan ruwa ta wani rami mai tsawon kilomita 21 a ƙarƙashin gandun zuwa gonakin gabas, inda ruwan sama ba ya isa. Da irin takalmin nan ne ma'aikata sukan hau su auna zurfin ƙanƙarar, domin manomi ya san ruwan da zai samu kafin shuka.

Saboda haka muna ganin daidai ne da aka hana saran itace da kiwo a gandun, aka bar masu zuwa tafkunan su tafi da ƙafa. Inuwar itatuwa ce ke sa ƙanƙara ta narke sannu a hankali. A 2020 gobara ta cinye wani yanki na gandun, kuma inda itace ya ƙone ƙanƙara takan narke da wuri.