Tsohon Babur A Zaure Jari Ne, A Daina Sayar Da Shi A Sikeli

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan sana'ar sayen tsofaffin ƙarafa ta bunƙasa ƙwarai a biranen ƙasar nan, tun daga Legas da Ibadan da Anaca har zuwa Kaduna da Kano. 'Yan gwangwan suna bin unguwanni lungu-lungu da kura da sikeli, kuma cikin abubuwan da suke kwasa har da tsofaffin babura waɗanda suka shekara ashirin ko talatin a jingine cikin zaure ko gareji. Mai gida yakan ga ya rabu da tarkace, ya karɓi 'yan kuɗin cefane, babur kuwa ya nufi masana'antar narka ƙarfe ya koma rodin gini. Ra'ayinmu shi ne wannan ciniki asara ce ga mai babur, asara ce kuma ga tattalin arzikin ƙasa, domin da yawa daga cikin baburan nan ana iya tashinsu a gida su koma kan titi.

Yawancin waɗannan babura sun shigo ne a zamanin da Naira take da ƙarfi. Lokacin da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, malaman makaranta da akawuna da malaman gona sun yi rububin sayen Vespa da Honda da Yamaha da Suzuki, har babur ya zama alamar cewa mutum ya kama aiki. A 1979 kamfanin Honda ya kafa reshensa na harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun. Amma tun daga 1986, da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka karya darajar Naira, sabon babur na Japan ya fara gagarar ƙaramin ma'aikaci. Daga baya kasuwa ta koma hannun baburan Sin irin su Jincheng, sannan na Indiya irin su Bajaj, waɗanda suka fi araha. Nan ne aka jingine tsofaffin, sau da yawa saboda ƙaramar matsala wadda ba ta taka kara ta karya ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, an ƙera baburan wancan zamani ne domin a riƙa gyara su. Honda CG125, wanda ya fito a 1975, an tsara shi ne musamman domin ƙasashe masu tasowa, bayan injiniyoyin kamfanin sun zaga sun ga yadda jama'a ke lodin kaya fiye da kima, ba su kuma canza baƙin mai a kan kari. Saboda haka suka sa masa inji mai sauƙin sha'ani wanda ke jure sakaci, da matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Shi kuwa Super Cub, wanda aka fara yi a 1958, ya zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100, wato ke nan da wuya a rasa kayan gyaransa a duniya. Babu kwamfuta a cikin waɗannan injuna. Mai sifana da filaya da sukundireba, idan yana da haƙuri, yana iya kwance su ya ɗaure a ƙofar gidansa.

Ta fuskar kuɗi, lissafin ya canza tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, da kuma watan Yuni na shekarar da aka bar kasuwa ta riƙa yanke wa Naira daraja. Dalar da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Tun da yake sabon babur daga waje yake zuwa, ko a haɗe ko a warwatse cikin kwali, farashinsa ya bi dala ya yi sama. Wanda ya tashi tsohon babur kuwa, firam da tanki da gangar inji da wili duk suna hannunsa, an riga an biya kuɗinsu shekaru arba'in da suka wuce. Abin da zai saya ƙananan kaya ne kamar fistin da ringi da fulogi da sarƙa da tayoyi. Sauran kuɗin yana shiga aljihun mai walda da mai fenti da mai ɗinkin kujera da mai gyaran waya, waɗanda duk maƙwabtansa ne. Wannan shi ne tattalin kuɗin musaya a aikace.

Sai dai aikin yana da ƙa'ida, kuma wanda ya ƙi bin ta zai zuba kuɗi a rijiya. Farkon abin dubawa takardu ne: lambar inji da ta firam su dace da abin da ke rubuce, don kada a gama wahala a tarar da kayan sata aka raya. Na biyu firam. Idan ya karye ko ya karkace ko tsatsa ta cinye shi, gara a haƙura a cire abin da zai yi amfani. Bayan haka sai a kwance babur sannu a hankali, kowane rukunin noti da kusoshi a gwangwaninsa da alama, a wanke da kananzir. Silinda da ta sha aiki a kai ta wurin masu injin bora su daidaita ta da fistin mai ɗan girma. A wanke kafireta, a fitar da tsatsar cikin tanki, a sake wayoyin da suka bushe. Birki da tayoyi kuwa ba wurin tsimi ba ne, domin rai ne a kansu. Fenti shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne mutane da yawa suke farawa da shi, su ƙare da babur mai ƙyalli wanda ba ya tashi.

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjojinsu, kuma bai dace a yi watsi da su ba. Suna cewa wani lokaci kuɗin gyara yakan kusa kamo na sabo, gaskiya ne idan aka zaɓi samfurin da kayansa suka ɓace. Suna cewa injunan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, irin na tsohuwar Vespa, suna hayaƙi suna kuma shan mai fiye da na zamani, wannan ma haka yake, shi ya sa irinsu suka fi dacewa da hawan marmari. Akwai kuma dokokin hana acaɓa, irin wadda aka kafa a Kano a 2013 da wadda Legas ta tsaurara a 2020 da 2022, waɗanda suka sa wasu ke ɗari-ɗarin hawa babur cikin gari. Amma babbar matsalar ita ce jabun kayan gyara. Ringin da ya kamata ya shekara yana aiki ya lalace cikin 'yan watanni, sai mai babur ya ɗora wa tsufan inji laifi. Araha dai ba ta ado.

Ribar da ta fi kuɗi muhimmanci ita ce ilmin hannu. Yaron da ya taya mahaifinsa kwance inji ya ɗaure ya san abin da ya sa inji ke tafiya, saɓanin bakaniken da bai iya komai ba sai cire tsoho a sa sabo. Garin Nnewi na Jihar Anambra shaida ne. Da fataucin kayan babur 'yan kasuwarsa suka fara, a shekarun 1980 suka shiga kafa masana'antun ƙera kayan gyara, kuma daga cikinsu ne Innocent Chukwuma ya fito har ya buɗe masana'antar motoci ta Innoson a 2010. A Indiya ma, kamfanin Enfield da aka kafa a Madras a 1955 don harhaɗa babur ɗin Ingila mai suna Bullet ya ci gaba da ƙera shi bayan uwar kamfanin ta rufe a Ingila, har ta kai Indiya ce ke sayar wa Turawa Royal Enfield. Masu aikin hannu na kasuwar Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano ba su gaza waɗancan basira ba.

Saboda haka muna kira ga ofisoshin lasisi na jihohi da su sauƙaƙa sabunta takardun babur da ya daɗe a ajiye, muddin mai shi ya kawo shaidar mallaka. A Birtaniya abin hawa da ya haura shekara 40 ana ɗauke masa harajin hanya, kuma babu abin da zai hana a yi wani rangwame makamancin haka a nan. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta matsa lamba kan masu shigo da jabun kayan gyara. Kwalejojin fasaha kuma su riƙa sayen irin waɗannan babura kafin 'yan gwangwan su riga su, domin ɗalibai su koyi aiki a kansu.

Daga ƙarshe, shawararmu ga duk magidancin da ke da tsohon babur a zaure ita ce, kafin ya kira mai sikeli, ya kira tsohon bakanike ya duba masa firam da inji, ya yi lissafi da alƙalami. Idan lissafi ya nuna gyara zai yiwu, to ya gyara. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma babur da aka narka ba ya dawowa.