Gyaran Ɗaki Ba Sai da Bashi Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu fita kuka kama aikin gwamnati, ina neman aron kunnuwanku a kan wata magana da mai karatu zai iya ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa ta sha jefa samari masu hankali cikin ƙuncin shekara biyu ko uku. Maganar ita ce ta gyaran ɗaki, watau yadda sabon ma'aikaci zai ƙawata ɗan wurin da ya kama haya ba tare da ya jinginar da albashinsa ba.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Saurayi ya gama jami'a, ya yi shekararsa ta bautar ƙasa, Allah ya taimake shi ya sami takardar kama aiki a wata ma'aikata a Kaduna. Unguwannin manya sun fi ƙarfinsa, sai ya gangara Tudun Wada, inda ake samun ciki da falo a gidan haya, ga kasuwa kusa, ga masallaci, ga abin hawa a kowane lokaci. Ranar da aka miƙa masa makulli sai ya tarar da bango ya yi dauɗa, silin ya sha yoyo, taga guda ce tak. Daga nan sai ya buɗe wayarsa ya shiga Instagram ko Pinterest, ya yi ta kallon ɗakunan mutanen wata duniya. A cikin waɗannan hotuna akwai wani salo da na lura ya shiga ran matasanmu ƙwarai, shi ne wanda ake kira salon gidan bakin teku: farin bango, labule mai launin shuɗi, kujerun saƙa, matasai masu launi iri iri, kaya kaɗan, haske da iska ko'ina.

Wasu abokaina suna yi wa wannan sha'awa dariya. Suna cewa ina Tudun Wada ina teku, garin da sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 700 a mota kafin ka ga ruwan gishiri a Ikko? Suna ganin wani sabon kwaikwayon Turawa ne kurum. Ni kuwa ra'ayina ya sha bamban da nasu. A ganina, cikin duk salon da ake tallata mana, wannan ne ya fi dacewa da aljihun ƙaramin ma'aikaci da kuma zafin ƙasarmu, muddin mutum ya fahimci asalinsa, ya kuma nemi kayansa a inda yake zaune.

Idan aka bi salsala, wannan salo na talakawa ne. Masunta da ƙananan manoma na tsibiran Girka da garuruwan gaɓar Tunisiya suna shafe gidajensu da farar ƙasa ne domin ita ce mai araha, kuma farin launi yana mayar da zafin rana. Kayansu kaɗan ne domin abin da suke da shi ke nan. Kujerunsu na saƙa ne domin ciyawa da itace ne a kusa da su. Daga baya ne masu kuɗi suka gani suka yi sha'awa, 'yan kasuwa suka sa wa abin suna da farashi. To, mu da muke da zafin Maris da Afrilu, muke da farar ƙasa, da kaba, da tukurwa, da shuni, me zai sa mu sayi talaucin wasu da tsada alhali namu kayan suna nan a bakin ƙofa?

Kafin in faɗi yadda nake ganin ya kamata a yi, bari in tuna mana da tarihi, domin iyayenmu sun taka wannan hanya. A shekarar 1974 kwamitin Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, aka kuma biya su bashin watannin baya a dunƙule a 1975. Dattawan da suka ga zamanin suna ba da labarin yadda aka afka wa kantuna, ana kwasar rediyo da firji da babura da kujerun kushin. A wannan shekara ta 1975 tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari, ƙarin ya narke a hannun masu shi. Kuɗin ya tafi, amma ya bar mana wata al'ada, ita ce auna darajar ma'aikaci da girman kujerun falonsa. Mu jikokin wannan al'ada mun gaje ta ba tare da mun gaji kuɗin ba. An janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, tsadar kaya ta sake haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, a shekarar kuma aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000. Duk mai lissafi ya san abin da zai rage bayan haya da abinci da kuɗin mota da ɗan abin da za a aika gida.

Na san wani abokin karatunmu da ya karɓi rance daga ƙungiyar adashen ma'aikatarsu a watansa na huɗu da kama aiki, ya sayi jerin kujeru masu cin mutum bakwai, da kafet mai kauri daga bango zuwa bango, da labule mai nauyi ruɓi biyu. Falon nasa bai fi ƙafa 12 a kowane gefe ba. Da aka shigar da kayan sai ya zama babu inda za a shimfiɗa darduma a yi salla. Da zafi ya shigo, aka ɗauke wuta, ɗakin ya koma tanda, shi da baƙinsa suka koma zaman benci a ƙofar gida. Ana yanke masa kuɗin kujeru kowane wata, shi kuwa yana zaune a waje. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da nake ba da shawara shi ne a fara da bango, domin shi ne ya fi cin ido, kuma shi ne mafi arahar gyara. Ɗaki mai ƙafa 12 a kowane gefe yana da bangon da ya kai kimanin murabba'in mita 40 in an cire ƙofa da taga. Bokitin fentin ruwa mai lita 20 yakan wadatar da irin wannan ɗaki shafi biyu, har a sami ragowa. A shafe bango uku da silin da fari, na huɗun a ba shi launi guda mai sanyi, shuɗi mai haske ko ruwan ƙasa irin na yashi. Ba sai an ɗauko mai fenti ba. Abokai biyu da buroshi da Asabar guda sun isa. Sai dai a kiyaye lokaci. Damina a Kaduna takan kai daga Afrilu ko Mayu har zuwa Oktoba, bango yakan sha danshi, fentin da aka shafa a kan danshi kuwa ɓarewa yake yi. A jira rani, a kankare tsohon da ya kumbura, a toshe tsaga, a kuma tabbata an gyara yoyon kwano tukuna.

Bayan bango sai ƙasa. Kafet mai gashi abokin ƙura ne, duk wanda ya yi hunturu a Arewa ya san haka. Tabarmar kaba ko ta roba mai launi, ko ledar ƙasa mara ado da yawa, ana iya share ta da safe, a fitar da ita a kakkaɓe, a goge da tsumma. Wurin zama kuma ba dole sai kushin ba. Tsohuwar kasuwar Panteka tana nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, cike da kafintoci da masu walda waɗanda za su haɗa maka dogon benci mai jingina daidai da awon ɗakinka. Ka ɗora masa katifa siririya, ka kai wa tela a Kasuwar Barci yadi ya ɗinka mata riga da rigunan matasai huɗu ko biyar, kowanne da launinsa. In baƙo ya kwana, bencin ya zama gado. Ka ƙara da tumtum biyu na dukawa, zama ya kammala.

Shuɗin da ake nema a waɗancan hotuna kuwa mun riga kowa saninsa a wannan yanki. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yanzu tana rini da baba. Ƙyalle guda na rini in an rataya shi a farin bango ya fi kowane hoton jirgin ruwa da aka buga a Sin kyau da daraja. Faifai uku ko biyar masu launi in an jera su a bango sun zama ado. Ƙwarya mai zane, kwandon saƙa na zuba tarkace, ƙaramin tulu a lungu da ɗan tsiro a ciki, duk waɗannan ana samunsu a kasuwannin ƙauye da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Labule kuma ya zama mara nauyi, wanda iska za ta ɗaga, a kuma iya wanke shi a bokiti. Abin da nake roƙo a guje masa shi ne sayen kifin roba da ƙugiyar jirgi da bawon katantanwa na kanti. Wannan shi ne kwaikwayon da abokaina suke yi wa dariya, kuma a nan suna da gaskiya. Wanda yake marmarin ruwa da yashi, ga Kogin Kaduna nan, da rani yashinsa da duwatsunsa a fili suke; ya je Gamji da yamma ya dubi launukansu, ya dawo ya zaɓi fentinsa.

Kada wani ya ce ado da launi baƙon abu ne a wurinmu. Duk wanda ya zaga cikin birnin Zariya ko Kano ya ga zanen da magina suke yi a fuskar soraye, da dagi da sauran siffofi, wasu an bi su da launuka masu haske. Babban Gwani Mikaila, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim cikin ƙarni na 19, da ƙasa da azara ya yi aikin da masana gine-gine na duniya suke zuwa kallo. Iyayenmu mata kuma sun san jere, sun san yadda ake tsara tasoshi da kwanoni masu launi har ɗaki ya ɗauki ido. A 1958 ma wasu ɗaliban zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, sun kafa ƙungiya a Zariya a kan ra'ayin cewa a ɗauki dabarar waje a haɗa ta da gadon gida. Ɗalibai ne kamarmu. Abin da suka yi a kan allon zane shi nake cewa mu yi a ɗakunanmu.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko zai ce, don me zan kashe kuɗina a gidan wani, wanda zai iya ba ni takardar tashi ko ya ƙara mini haya da ya ga ɗakin ya yi kyau? Wannan tsoro gaskiya ne, yana kuwa faruwa. Maganinsa shi ne a yi magana da mai gida tun kafin a taɓa bango, a gaban shaida, in da hali a nemi ya rage kuɗin fenti daga haya. Daɗin daɗawa, a tsarin da na kawo fenti kaɗai ne zai zauna in ka tashi. Benci da tabarma da labule da faifai duk a Keke Napep biyu za su bi ka.

Na biyu zai ce farin bango da ƙurar hunturu ba sa ga maciji. Haka ne, fari yana nuna dauɗa. Amma ƙurar da ka gani ka goge ta fi wadda ta ɓuya a cikin kafet da kushin kana shaƙa kana tari. Wanda yake da yara kuma yana iya shafa fentin mai daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu, kamar yadda ake yi a makarantu da asibitoci, domin shi ana wanke shi.

Na uku shi ne mai wuyar, domin ba a kasuwa ake warware shi ba. Zai ce mutane za su raina ni, abokan aiki za su ce na yi digiri ina zaune a tabarma, dangin wadda nake nema za su ce ban isa ba. Ban musa cewa za a faɗa ba. Sai dai ina tambaya, su masu faɗar, wa zai taya ka biya in wata ya yi nisa? Wannan tsoron bakin mutane shi ne dai yake sa uba ya sayar da gona domin kayan ɗakin 'yarsa, ya cika mata ɗaki da gado da kabad da kujerun da ba za ta sami wurin juyawa ba. Mu da aka kashe wa dukiyar jama'a aka ilmantar, in ba mu iya tsayawa mun ce wannan ya ishe ni ba, wa zai fara? Ɗaki mai tsabta da haske da iska, wanda mai shi ba ya ɓuya in an ƙwanƙwasa ƙofa, ba abin kunya ba ne a gaban kowane suruki mai hankali.

Akwai kuma wata riba da ta wuce ta mutum ɗaya. Kaduna gari ne da ya yi suna da masaƙu. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, dubban mutane suka ci abinci a cikinsu, ciki har da mazauna Tudun Wada da yawa. Ta rufe a 2002, sauran ma suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da ikon tayar da masaƙa, amma yana da ikon zaɓar inda nairarsa za ta faɗa. In ta faɗa hannun kafintan Panteka da telan Kasuwar Barci da mai saƙar faifai, ta zauna a cikinmu ke nan.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da ka karɓi makulli kada ka yi gaggawa. Ka auna ɗakin da igiya, ka rubuta abin da za ka iya cirewa daga albashi ba tare da ka ci bashi ba, ka raba aikin wata wata: wannan watan fenti, na gaba benci, na bayansa labule. Kafin shekara ta zagayo za ka ga ɗakin ya haɗu, kuma duk abin da ke cikinsa naka ne halal. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, amin.