Wa Ya Taɓa Wannan Baƙi, Kuma Don Me?

Duk wanda ya san bikin kamun kifi na Argungu ya san cewa kogin Matan Fada na kowa ne, amma ba wanda yake faɗa masa da homa da gora sai an ba da izini. Yawan masu shiga shi ya sa doka ta zama dole. Haka lamarin yake a duniyar buɗaɗɗiyar manhaja, wato manhajar da aka baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa ya karanta, kowa ya kawo gyara. Matasanmu na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru sun kai munzalin shiga wannan ruwa, abin farin ciki ne. Abin da nake jin tsoro shi ne su shiga da gwanintar rubuta manhaja ba tare da ladabin bayyana abin da suka yi ba.

Ga waɗanda ba fanninsu ba ne, bari in ɗan warware. A shekarar 2005 Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland da ya assasa Linux a 1991, ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna Git domin adana tarihin kowane sauyi da aka yi wa aiki. Duk wanda ya kawo gyara sai ya haɗa shi da ɗan bayani. Al'adar da aka bi ita ce layin farko ya zama gajere, kimanin harafi 50, a kuma rubuta shi da sigar umarni. A bar layi ɗaya fili. Sannan a faɗi matsalar da aka tarar da dalilin da ya sa aka bi wannan hanya. Kowane gyara kuma ya tsaya a kan abu ɗaya tak. Abin da aka sauya, kwamfuta za ta nuna shi da kanta baƙi bayan baƙi. Dalilin kuwa yana cikin kan mai gyara, in bai rubuta ba ya tafi da shi ke nan.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi musamman don ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Masu juyar littafi da hannu kuwa, in sun tsallake kalma sukan rubuta ta a gefen takarda su sa mata alamar inganci, da yawansu kuma sukan rufe da sunansu, domin mai zuwa ya san hannun da littafin ya biyo. Masu kula da Linux sun isa ga irin wannan tunani ta wata hanyar. Tun 2004 suka wajabta wa duk mai kawo gyara ya sa sunansa a ƙasa, yana shaida cewa yana da haƙƙin miƙa abin da ya miƙa. A 2021, da ta bayyana cewa wasu masu bincike na Jami'ar Minnesota a Amurka sun aika da gyare-gyare masu ɓoyayyen aibi don gwaji, sai aka dakatar da karɓar gyara daga jami'ar baki ɗaya, aka koma aka bi diddigin abin da ta taɓa aikawa. Ba don an ajiye tarihin ba, da wa zai san inda za a duba?

To, inda abin ya shafe ni a matsayin ɗalibin harshe shi ne, yau Hausa ma a irin waɗannan rumbuna ake gina ta. Akwai Wikipedia ta Hausa, akwai shirin Common Voice na Mozilla mai tara muryoyi, akwai ayyukan ƙungiyar Masakhane da aka kafa a 2019 don harsunan Afirka. Daga irin waɗannan taskoki ne injinan fassara suke koyon Hausa. Abin da aka zuba musu, shi za su mayar wa jikokinmu.

A ɗauka wani ya shiga jerin kalmomi ya mayar da duk 'y zuwa ƴ, ya rubuta a bayaninsa: an gyara kurakurai. Wane kuskure? A Nijeriya 'ya'ya muke rubutawa, a Nijar ƴaƴa, kowanne daidai ne a gidansa. Bai gyara kuskure ba, ya zaɓi ƙa'idar wata ƙasa ne, kuma bai faɗa ba. Ko a ɗauka Bakabe ya tarar da fara ya mayar hwara, ya tarar da 'ya'ya ya mayar ɗiya, domin haka ya tashi ya ji ana faɗi. Hausarsa ba ta da aibi, ni ma ina ganin karin harshenmu na yamma ya cancanci gurbi a waɗannan taskoki, tun da daidaitacciyar Hausa ta fi karkata ga Kananci. Amma in ya cusa shi a ɓoye, Bakano zai zo gobe ya goge, shi ma a ɓoye, a yi ta jeka-ka-dawo har a gaji. Da ya rubuta cewa ya ƙara sigar Kabanci kusa da daidaitacciya saboda masu magana daga Argungu haka za su furta ta, da an sami abin tattaunawa, wataƙila ma a buɗe wa karin nasa sashe. Mafi muni shi ne mai haɗa gyaran ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, da raba kalmomi, da sauya ma'ana, duk a dunƙule ɗaya. Mai dubawa ko dai ya karɓa da tsakuwa, ko ya watsar har da shinkafar.

Na san za a ce aikin sa-kai ne, tsananta doka kan kori sabon shiga, ga tsadar data, ga rashin wuta. Akwai gaskiya a ciki, kuma wasu masu dubawa na da kaushin harshe da ba shi da amfani. Sai dai layi uku na bayani ba su kai cin datar bidiyo ɗaya ba. Maganin tsoron sabon shiga shi ne a rubuta masa ƙa'idojin a fili da Hausa, ya karanta kafin ya taɓa komai: wace ƙa'idar rubutu ake bi, ta Nijeriya ko ta Nijar, yaya za a nuna karin harshe, wace alama za a yi amfani da ita a 'y, tun da kwamfuta tana da alamomi fiye da ɗaya masu kama da juna a ido amma daban a wurinta.

Wannan takarda ba aikin masana kwamfuta kaɗai ba ce, kuma ba za su iya ita kaɗai ba. Sassan nazarin harsuna da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu galibi tafiyar minti kaɗan ce tsakaninsu. Malaman ɓangarorin biyu su zauna su tsara ta, sannan duk ɗalibin da zai miƙa aikin kammala karatu a kan manhaja a buƙaci ya miƙa har da tarihin gyare-gyarensa, a karanta bayanan, a ba su maki.