Kasuwar tsofaffin motoci masu buɗaɗɗen rufi: Abin da ya sa gyara ba ya mayar da kuɗinsa

A watan Fabrairun 2015, kamfanin gwanjo na Artcurial ya sayar da wata mota ƙirar Ferrari 250 GT California Spider ta shekarar 1961 a birnin Paris kan Yuro miliyan 16.3. An tsinto ta ne a gidan marigayi Roger Baillon da ke yammacin Faransa, tulin tsofaffin mujallu a kanta. Har yau wannan ciniki yana nuna yadda kasuwar take tafiya: masu saye sun fi daraja motar da ta tsufa da kayanta na asali a kan wadda aka gyara tana ƙyalli.

Wannan ne ke karya jarin masu shiga harkar da niyyar saye, gyarawa da sayarwa. Motar da ake naɗe rufinta ba ta da saman ƙarfe da zai riƙe jikinta, don haka ƙarfinta ya dogara ne a kan ƙasanta da gefunan da ke ƙarƙashin ƙofofi. Nan ne kuma ruwan sama ke taruwa idan rufin ya tsufa, tsatsa ta ci. Yanke ƙarfen da ya ruɓe da yin walda aiki ne na watanni, kuma a Turai ana biyan bakanike ne da awa. Sau da yawa kuɗin aikin yakan zarce abin da motar za ta kawo a gwanjo. Wanda ya ci riba shi ne wanda ya saya daga hannun mai gyaran.

Abin da ke ɗaga farashi shi ne takarda. Mai saye yana son lambar inji ta dace da wadda masana'anta ta rubuta ranar da motar ta fito. Shi ya sa Ferrari ta buɗe sashen Classiche a 2006 domin ba da shaidar asali. Sabon fenti kuwa yakan sa dillali ya ƙara zargi, domin ba a san abin da ya rufe ba.

Doka ma tana da hannu. A Birtaniya, motar da ta haura shekara 40 ba ta biyan harajin hanya, kuma an keɓe ta daga kuɗin gurɓata iska na birnin Landan da aka faɗaɗa a Agustan 2023. Amurka kuma tana sassauta shigo da motar da ta kai shekara 25. Sai dai tun da bankunan ƙasashen suka ɗaga kuɗin ruwa daga 2022, masu sayen mota don ajiya sun ja baya, kuma matsakaitan motoci ne suka fi jin jiki.

Misalin da ya fi kusa da ɗan Najeriya shi ne Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Tana da 'yar'uwa mai buɗaɗɗen rufi da kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara, aka ƙera daga 1969 zuwa 1983. Tana da kusanci da 504 da aka sani ta fannin inji, amma jikinta daban ne gaba ɗaya. Ƙofa ko fitilar da ta lalace ba a samunta a kasuwar kayan gyara ta Fanteka, sai an yi odarta daga Turai da kuɗin waje.