Shawara Ɗaukar Ɗaki

Jama'a, duk mai gida a Ardwick, ko a wata unguwa ta Manchesta ko Bamingam, ya san takardar nan ta harajin Majalisar Gari da ke faɗowa ta ƙofa wajen watan Maris. Mu kan buɗe, mu yi tsaki, mu biya. Amma tsaya a ƙofar masallaci ran Juma'a ka tambayi sunan ko ɗaya daga cikin kansiloli uku da ke wakiltar Ardwick, da ƙyar za ka sami wanda ya sani. Haka nan kuwa mu ke yi wa majalisar ƙungiyarmu. In an ce walima, ɗaki ya cika har waje. In an ce taron shekara, za a karanta lissafin kuɗi a zaɓi shugabanni, sai ka tarar kujeru sun fi mutane yawa. Wannan shi ya sa mu ka ga ya kamata mu tuna wa juna asalin majalisa, da wahalar da aka sha kafin a same ta.

Shawara ba baƙuwa ba ce gare mu. A cikin Alƙur'ani akwai sura guda da aka sa wa wannan suna. Sayyadina Umar, Allah ya yarda da shi, da aka soke shi a shekara ta 23 bayan hijira, watau 644, bai nuna mutum ɗaya ya ce ga magajina ba. Sai ya ware sahabbai 6, Usman da Aliyu da Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Zubairu da Ɗalha, ya ce su fitar da ɗaya a cikinsu. A ƙasar Hausa ma, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa majalisar nan da a ke kira Tara ta Kano. A zangunanmu na Kumasi da Ankara da Tamale kuwa, kowa ya san Sarkin Zango ba ya yanke magana mai nauyi sai ya tara limamai da shugabannin ƙabilu, ya kuma ji ta bakin Magajiya game da mata.

To, tun da Allah ya kawo mu ƙasar Turawa, ya kamata mu san yadda tasu majalisar ta faro. Da yawa daga cikinta a coci aka yi renonta.

A shekara ta 325 gardama ta yi tsanani tsakanin Kirista a kan aƙidarsu, har Sarkin Rum Kustantin ya ji tsoron kada ta raba masa daula. Ya aika aka tara manyan limaman coci, waɗanda a ke kira bishof, kimanin 300, a garin Nikiya, wanda yau sunansa Iznik a ƙasar Turkiyya. Su ka zauna su ka rubuta abin da su ka daidaita a kai. Tun daga nan ya zama al'ada, in rigima ta tashi a coci sai a kira majalisa, sarakuna kuma su sa hannu don amfanin mulkinsu.

A nan Ingila an yi wata majalisa a 664 a garin Whitby, can bakin teku gabas da mu, wadda labarinta zai ba mu dariya don mun san irinta. Sarki Oswiu ya tashi cikin al'adar limaman Ailan, matarsa kuwa ta tashi cikin ta Rum, kuma lissafin ranar idinsu na Ista ya sha bamban. Sai ya zama wata shekara sarki ya sha ruwa yana biki, sarauniya da mutanenta suna cikin azumi. Aka tara malaman ɓangarorin biyu a gidan ibada da wata mace mai suna Hilda ke shugabanta, kowa ya kawo hujjarsa, sarki ya yanke a bi lissafin Rum. Mu da kan yi sallar Idi rana biyu a gari ɗaya, har a gida ɗaya, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani.

Majalisa kan iya abin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Akwai lokacin da mutum uku kowanne ya ce shi ne Fafaroma, kowanne da sarakunan da ke goyon bayansa. Majalisar da ta zauna a garin Konstans daga 1414 zuwa 1418 ita ta kawar da su duka, aka zaɓi guda a 1417. Amma kada mu ɓoye ɗaya gefen. Wannan majalisa ɗin ita ce ta yanke wa malamin nan Jan Hus hukunci, aka ƙone shi a 1415, alhali ya zo ne da takardar aminci daga sarki. Watau taron mutane ma ya kan yi zalunci in babu mai tsawata masa.

Yanzu mu komo gida Manchesta. A zamanin da, Ardwick ƙauye ne a cikin babbar gundumar cocin Manchesta, cocin nan da ya zama babban cocin gari a 1847. A Ingila ta wancan lokaci, masu biyan haraji na kowace gunduma su kan taru a ɗakin da limamin coci ke ajiye rigunansa. A nan a ke zaɓen masu kula da dukiyar coci, a yi maganar matalauta da gyaran hanya, a aza harajin gyaran coci a kan kowa, har wanda ba ya bin wannan coci. Sauran mulkin Manchesta kuwa yana hannun kotun ubangidan ƙasa, daga gidan Mosley, kamar dai gari gandunsa ne. Ga masaƙu sun cika gari, ga mutane sun haura 140,000 a ƙidayar 1831, amma har zuwa 1832 garin ba shi da wakilin kansa a Majalisar Dokoki ta Landan.

An ga sakamakon haka ran 16 ga Agusta 1819. Mutane wajen 60,000 su ka taru a filin St Peter suna neman a ba su wakilci. Alƙalan gari, waɗanda ba zaɓensu aka yi ba, kuma har da limaman coci a cikinsu, su ka sa mahaya su kutsa cikin taro da takubba. Aƙalla mutum 15 su ka mutu, ɗaruruwa su ka ji rauni. Shi ne abin da a ke kira Peterloo. A 1832 kuma annobar kwalara ta shigo ta tarar da gari ba ruwan kirki, ba magudana.

Sai wani ɗan kasuwa, Richard Cobden, ya tashi a 1837 yana kiran mutane su nemi majalisar da za su zaɓa da kansu. A 1838 aka ba Manchesta wannan izini, aka haɗa Ardwick da Hulme da Chorlton-on-Medlock da Cheetham da Beswick a ciki. Ba a yi shekara goma ba majalisar ta sayi haƙƙin gidan Mosley a kan fam 200,000. Ta gina madatsun ruwa a Longdendale, ta buɗe laburare na kyauta a 1852, ta jawo ruwa daga tafkin Thirlmere a 1894, tafiyar mil 96. Maƙabartar Southern Cemetery, inda da yawa cikin 'yan'uwanmu ke kwance, majalisar ce ta buɗe ta a 1879, ita ke kuma kula da ita. A hankali aka raba aikin coci da na gari. An daina tilasta harajin coci a 1868, a 1894 kuma doka ta ɗauke mulkin ƙauyuka daga ɗakin liman ta ba majalisun da jama'a ke zaɓa. Cocin Ingila ma ya yi wa kansa majalisa, wadda tun 1970 ta ke da zaure uku: na bishof, na limamai, da na sauran mabiya.

Bamingam ta sami tata majalisa a shekara ɗaya da Manchesta. A can limaman coci biyu, George Dawson da R. W. Dale, su ka yi ta wa'azi cewa share titi da kawo ruwa mai tsabta aikin Allah ne, kuma mutumin kirki ba shi da uzurin gudun kujerar kansila. Joseph Chamberlain, wanda ya yi Magajin Gari daga 1873 zuwa 1876, ya ɗauki wannan magana ya karɓe gas da ruwa daga hannun kamfanoni ya mai da su na gari. Mu Musulmi ai ba sai an koya mana cewa kawar da ƙaya daga hanya sadaka ce ba. Abin da ya rage mana shi ne mu gane a ƙasar nan ta hannun majalisa a ke kawar da ita.

Bamingam ɗin nan kuma ita ce ta zama izina. A watan Satumba 2023 majalisarta, mai kansiloli 101, ta sanar ba ta iya daidaita kuɗin shigarta da na fita, saboda bashin mata ma'aikata da aka daɗe ana biya ƙasa da maza, da kuma sabon tsarin kwamfuta da ya ci kuɗi bai yi aiki yadda ya kamata ba. Gwamnati ta aiko da masu sa ido, aka ƙara harajin gida kusan kashi 10 cikin 100 a 2024, aka rage ayyuka. Wa ya ɗauki nauyin? Talakan da bai taɓa leƙa lissafin ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada wani ya ce mu baƙi ne, wannan ba sha'aninmu ba ne. Taku kaɗan daga Ardwick, a zauren gari na Chorlton-on-Medlock, Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta da Obafemi Awolowo su ka zauna taro a watan Oktoba 1945, su ma baƙi, ba su da kuɗi ba su da soja. Bayan shekara 12 Gana ta sami 'yanci. A Kaduna, a watan Agusta 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe cikin majalisa ya nemi a gyara mulkin En'e don talaka ya sami baki, a 1952 kuwa aka daina barin Sarki ya yi mulki shi kaɗai ba tare da majalisarsa ba. Ellen Wilkinson, wadda ta yi makaranta a nan Ardwick, ta fara da kujerar kansila a 1923, ta ƙare tana Ministar Ilmi ta ƙasa duka a 1945. Afzal Khan, wanda ya zo daga Pakistan yana yaro, ya zama Musulmi na farko da ya yi Magajin Garin Manchesta a 2005.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo.

Na farko, kowa ya zo taron shekara na ƙungiya, ya zo da wuri. Wanda ya ƙi zuwa ya bar wa waɗanda su ka zo haƙƙinsa, kada kuma a ji shi gobe yana gunaguni a wurin suna ko zaman makoki.

Na biyu, Ma'aji ya karanta lissafi a fili, abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin asusun jana'iza da hayar wurin salla, kuma a ba mutum biyu da ba sa cikin majalisa su duba. Magatakarda ya rubuta kowace shawara da aka yanke. Wannan ba tuhuma ba ce ga dattawanmu da su ka ɗauki wahalar ƙungiya shekara da shekaru ba ko kwabo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, rubutu kuma shi ke kare mutuncin mai gaskiya ran da baki ya yi yawa.

Na uku, kujera ta kasance da wa'adi, kuma a buɗe ta ga kowa. Mata su ne kan gaba wajen biyan kuɗin wata da dafa abincin taro, bai dace a yanke shawara a kan kuɗinsu suna bayan labule ba. Samarin da aka haifa a nan sun fi mu sanin takardun ƙasar nan da harshen ofisoshinta. In ba mu zaunar da su kusa da mu yau ba, ranar da mu ka neme su za mu tarar sun yi nisa. Haka kuma kada a ce wannan kujera ta Hausawa ce, waccan ta Dagomba ko ta Zabarmawa. Zango bai taɓa zama na ƙabila ɗaya ba.

Na huɗu, kowa ya rubuta sunansa cikin masu ƙuri'a. Ɗan Gana ko ɗan Nijeriya da ke da izinin zama yana da ikon jefa ƙuri'a a nan, don ƙasashen suna cikin Kwamanwel. Zaɓen kansiloli a watan Mayu a ke yi, kuma tun 2023 sai an nuna shaida mai hoto. Kansiloli suna da lokacin da su ke sauraron kuka, zaman majalisa kuma a buɗe ya ke ga mai son ya je ya ji. Maganar gida mai laima, da makarantar yara, da wurin binne mamaci da wuri yadda addini ya ce, duk a can a ke yinta, ko muna nan ko ba ma nan.

Magabata sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Wanda ya taɓa ganin an ɗora jinka ya san in mutum ɗaya ya saki gefensa, a kan sauran ta ke faɗowa. Allah ya haɗa kanmu, ya ba shugabanninmu haƙurin jin gyara, ya ba mu ikon faɗinsa da ladabi, amin.